Bakin Yarinyar a Rufe Yake

A gidanmu na Narayi ni ce bakin 'yan Koriya, ni ce kuma bakin 'yan Caina. Shekarun nan ne na bayan komawar sojoji bariki, lokacin da faifan fim ya cika gari har mai sayar da tumatir ma sai ka ga ya jera biyu-uku a gefen tirensa. Faifai ɗaya a matse kashi goma sha wani abu a cikinsa, hoto yana rawa, Turancin da ke gudu a ƙasa kuwa Allah kaɗai ya san wanda ya rubuta shi. Na gama sakandare ina zaman jiran shiga jami'a, shekara ta biyu ke nan, sai aikin ya faɗo kaina. In zauna a kan 'yar kujera gefen talabijin, rimot a hannu, in karanta abin da aka rubuta, in juya shi zuwa Hausa kafin ya ɓace.

Hausa ce harshen gidanmu, don Baba da Mama kowa da yarensa, duk da cewa ƙauyukansu a kudancin jihar nan ba su da nisa da juna. Baba ya iya karatu, amma a hankali yake bin sa, kafin ya kai tsakiyar layi an ɗauke. Ya yi shekaru masu yawa a wata masana'anta a Kudenda, aka rage ma'aikata aka haɗa da shi. Tun daga nan ranarsa ta koma ta jiran wuta. A layinmu da rana ake kawo ta, bayan ƙarfe ɗaya, wani lokaci ta kai la'asar. Da fanka ta motsa sai ya ɗaga murya.

"Uwata! An kawo."

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da sunana ba.

Masu kallo huɗu ne: Baba, Mama, ni, sai maƙwabciyarmu 'yar Binuwai da kowa ke kira Maman 'yan biyu, mai sayar da gwanjo. Mutum huɗu, amma jam'iyya biyu. Mama da Maman 'yan biyu na Koriya ne. Baba shi kaɗai na Caina, kuma shi ɗaya ya ishe su.

Abin da Mama ke so a wurin 'yan Koriya tarbiyya ce. Yaro ba ya miƙa wa babba abu da hannu ɗaya, ba a shiga ɗaki da takalmi, kuma komai faɗan da aka yi sai an zauna an ci abinci tare. Takan ce da za a kwashe yaran Narayi a kai su can wata uku, da an huta. Maman 'yan biyu ita kayan jikinsu take kallo, ido irin na mai gwanjo, sai ta nuna kwat ɗin wata ta ce wannan in ya faɗo cikin dilar gwanjonta ba zai kwana ba. Amma ko su suna da ƙorafi. Mama ta gaji da yadda mota ke buge mutum daidai lokacin da ya kamata ya isa wurin da zai je, ya tashi ya manta sunansa. Takan ce, "Su ba su da gada ne ta masu tafiya a ƙasa?"

Na Caina kuwa tsayinsu ya kashe su a wurin mata. Kashi arba'in, kashi sittin, ka tsufa ana abu ɗaya. Ga tashi sama, mutum ya taka ganyen gora ya haye kogi. Ga guba, wadda a gidan sarkinsu ba a shan shayi sai an fara tsoma allura a ciki. Mama ta ce ita ba za ta zauna tana kallon mutanen da ba wanda ya yarda da ɗan'uwansa ba.

Baba bai musa ko ɗaya ba. Ya yarda ƙarya ce tashin saman, ya yarda da tsayin. Abin da ya riƙe shi ne magana. A wurinsa 'yan Caina maza ne masu faɗa wa juna gaskiya ido da ido. In za a kashe ka gobe, yau za a zo a zuba maka giya a gaya maka, ka kira ɗanka ka ba shi takobi, ka yi sallama da matarka. 'Yan Koriya kuwa, in ji shi, fim ɗinsu duka a kan shiru aka gina shi.

"Kalma uku," yakan ce, yana ɗaga yatsu. "Kalma uku za ta faɗa fim ya ƙare tun kashi na biyu. Amma a'a. Sai ta juya baya tana kuka a cikin ruwan sama, mu kuma mu ƙona wuta."

Muna dariya a lokacin. Har kwaikwayonsa nake yi in ya shiga ban ɗaki.

A farkon daminar shekarar ya fara ramewa. Abinci ya daina zama, idonsa ya ɗan yi ɗorawa, cikinsa ya kumbura ta gefen dama. Aka yi ta kai-kawo, daga ƙarshe aka tura mu wani babban asibiti a ƙetaren kogi. Ranar da sakamako ya fito, likita ya bar Baba a ɗaki yana ɗaura maɓallan riga, ya kira mu baranda, ni da Mama da Yaya, babban wanmu mai tuƙa tanka a wajen Rido. Ya ce ciwon daji ne a hanta, ya riga ya yi nisa, babu aikin da za a yi. Yaya ya tambaye shi lokaci. Ya ce shi ba Allah ba ne, amma wata biyu zuwa uku, in an yi sa'a. Sannan ya ce mu ne iyali, mu muka san yadda za mu gaya masa.

Mama ba ta yi kuka ba. Ta jira likitan ya juya, ta ce, "Ba namu ba ne. Ban karɓa ba." Sannan ta kama hannuna da na Yaya ta matse.

"Olsa ce. Kun ji ni? Olsa ce likita ya ce. Kawuna da bakinsa yana cin tuwo aka gaya masa irin wannan magana, sati ɗaya bai ƙara ba. Magana ce ta kashe shi. In dai nonona kuka sha, babu wanda zai buɗe wa babanku baki."

Yaya ya ce to. Ni ma na ce to. Na faɗa, da bakina, ba wanda ya ɗora mini wuƙa a wuya.

Abin da ya hana ni barci shi ne Kaka. Mahaifiyar Baba tana da rai a ƙauye, ta tsufa ƙwarai, idonta ya tafi. Tana da wata al'ada: duk wanda ya zo daga birni sai ta kama wuyan hannunsa ta zagaye da yatsunta, ta auna ko ana ba shi abinci. Baba ya shekara biyu bai je ba, da farko don kunyar rashin aiki, yanzu kuma don wannan awon. Duk wanda ya zo daga gida da saƙonta, amsa ɗaya yake bayarwa.

"Ku ce mata sai Kirsimeti. Bari olsar nan ta sake ni in ɗan yi nama. In ta kama hannun nan yanzu, ai sai ta ce matata ta kashe ni da yunwa."

Muna cikin watan Yuli. Na ƙirga da yatsuna ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, Disamba ta ƙi shiga cikin wata uku.

Muna tsakiyar wani na Caina ne a lokacin, labarin wani janar da aka tura bakin iyaka, sai faifan ya cije a kashi na talatin da wani abu. Na goge shi da gefen zane, na hura masa iska, na shafa masa man goge baki kamar yadda ake yi, a banza. Janar ya tsaya cak da baki buɗe. Maman 'yan biyu ta ce a bari, tana da wani mai daɗi na Koriya da ta riga ta gama, za ta sake kallo da mu. Baba ya yi tsaki, amma bai tashi ba. Ba shi da ƙarfin zuwa ko'ina.

Labarin wani dattijo ne mai shagon taliya, matarsa ta rasu, yana da 'ya'ya uku. Kashi huɗu na farko faɗan gado ne da soyayya, har Baba ya soma son tsohon, don shi ma mai faɗa ne. A kashi na biyar tsohon ya faɗi a bakin murhu. Aka kai shi asibiti. Likita ya bar shi a ɗaki, ya kira babbar 'yarsa baranda.

Tun kafin rubutun ya fito na san abin da zai ce. Da ya fito kuwa, sunan ciwon Baba ne, ɓaro-ɓaro, Turancin da kullum yake karkace yau ya miƙe sarai. Na kalli Mama. Ita ba ta karanta Turanci, amma baranda ta sani. Hannunta ya tsaya a cikin tiren waken da take tsincewa.

"Me ya ce?" in ji Baba.

"Ya ce... olsa ce. Sai ya kiyaye yaji."

"A'a fa," in ji Maman 'yan biyu, wadda ba ta san komai ba game da mu. "No bi olsa. Kansa ne, ciwon daji. Ke ba ki gani ba? Wata uku ya ba shi. Abeg ki karanta da kyau, nan ne daɗin fim ɗin yake."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce rubutun ne ya yi sauri. Baba ya dube ni, ya dubi talabijin, ya ce, "To. Olsa ko daji, mu ga abin da 'yar za ta yi." A fim ɗin 'yar ta wanke fuska a famfo, ta koma ɗaki da murmushi, ta ce wa ubanta gajiya ce kawai.

Da aka ɗauke wuta Mama ta ja Maman 'yan biyu bayan gida. Ban ji abin da ta gaya mata ba, na dai ga matar ta fito ta ɗora hannu biyu a ka. Washegari ta zo da wani sabon faifai na Caina, har da ledarsa, ta ce wancan ƙanwarta ce ta aiko a karɓa mata.

"Ki ce ta yi haƙuri," in ji Baba. "Ba inda faifan nan zai je. Ina so in ga iyakar shirun mutanen nan."

"Oga, wannan na faɗa ne, irin naka. Har da dawakai."

"Na ce a bar shi."

Haka muka shiga sati uku da ban taɓa yin irinsu ba. Kullum ina addu'a kada a kawo wuta, ni da nake zagin masu wuta tun ina firamare. Su kuma kamar sun sani, ba su taɓa yin kirki irin na lokacin ba. Ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci fanka za ta juya, in ji "Uwata!", muryar tana ƙara siranta kullum.

Na zama maƙaryaciya mai lasisi. In 'ya'yan tsohon sun taru a kicin suna gardamar a gaya masa ko kada a gaya masa, sai in rage, in ce maganar kuɗin asibiti suke yi. In likita ya ce ciwon ya bazu, in ce ya ce a ƙara haƙuri. Amma fuska ba ta bukatar tafinta. Baba yana ganin ƙaramin ɗan yana dukan bango, yana ganin babbar tana toshe masa baki da hannu. Kuma kullum da sharhinsa.

"Dubi wannan. Uban da ya haife ka, ka bar shi yana sayen buhun fulawa na shekara."

Wata rana kuma: "Tausayin kansu suke ji, ba nasa ba. Ba sa son su ga fuskarsa in ya ji."

Mama takan ce, "Kai dai ka yi kallo mana, Baban yara. Yaran nan ƙaunarsa suke yi. In sun gaya masa me zai ƙaru? Zuciyarsa ce kawai za ta karye."

"Zuciyar tasa ce ai. A bar shi ya karya abarsa."

Suna magana ne a kan tsohon mai taliya, kowa idonsa a kan talabijin. Ni ce a tsakiya, rimot a hannuna. Ban san ko Baba ya sani ba. Wani lokaci in rantse ya sani, sai kuma da yamma in ji shi yana gaya wa Yaya irin akuyar da za a saya a kai gida ran Kirsimeti, yana lissafin wanda zai zauna a gaba a mota. Haushinsa ma nake ji a irin wannan lokaci. In ka sani ka tambaya mana! Haushin Mama nake ji, da na Yaya da ya sami tanka ya ɓuya a ciki, sati-sati muke ganinsa. Na tare shi a ƙofar gida wata Lahadi bayan coci na ce masa lokaci yana tafiya, Kaka ba za ta ga ɗanta ba.

"Mun yi wa Mama alkawari," ya ce.

"Kai ba ka zama a ɗakin nan. Ni nake zama."

"To ki daina kunna fim ɗin mana."

Na ce masa ya zo ya hana Baba da kansa in ya isa. Ya buga ƙofar mota ya tafi.

Matan zumunta na cocinmu suna zuwa ran Talata su yi addu'a, su ɗora masa hannu, su umarci olsa ta fita. Ina tsaye a bakin ƙofa ina cewa amin, ina jin kunyar Allah, don ko sunan ciwon gaskiya ba mu gaya masa ba.

Ranar da abin ya faru Alhamis ce, cikin Agusta, an yi ruwa da safe. Wani ɗan ƙauyenmu mai aikin gadi ya biyo zai tafi gida, ya tambaya ko akwai saƙo. Ya ce tsohuwa ta ce a gaya wa ɗanta ta yi mafarkinsa sau biyu. Baba ya yi dariya, ya ba shi sabulu da sukari ya kai mata, ya ce, "Ka ce mata Kirsimeti kamar gobe ne." Da mutumin ya fita na ga Baba ya ɗauki ƙusa yana huda sabon rami a bel ɗinsa. Rami na uku ke nan da ya ƙara. Ƙusar ta faɗi, na ɗauko masa.

Aka kawo wuta. Kashi na goma sha huɗu.

Tsohon mai taliya yana zaune a tsakar gida an lulluɓe masa ƙafa da bargo, babbar 'yarsa tana fere masa wani ɗan itace. Ya yi magana, rubutu ya fito, na karanta shi yadda yake, don ban ga abin ɓoyewa a ciki ba sai da na kai ƙarshe.

"Ya ce, idan sanyi ya wuce, in na ji sauƙi, za ki kai ni garinmu in ga yayata. Na daɗe ban gan ta ba."

Aka nuna fuskar 'yar. Ta ɗaga kai, ta yi murmushi, ta gyaɗa. Ba ta ce komai ba. Ƙasan talabijin wayam, babu rubutu ko ɗigo. Kiɗan nan nasu mai sa kuka ya taso.

Ban shirya ba. Na sha gaya wa Mama haka daga baya, ba ta yarda ba, amma gaskiya ce. Bakina ne ya ci gaba da aikinsa, da muryar nan da nake yi wa 'yar, idona a kan gilashi.

"Ta ce, Baba, kada ka jira. Ba olsa ba ce. Ka tafi yanzu, tun kana iya zama a mota."

Maman 'yan biyu ta sunkuyar da kai. Ban iya kallon gefen da Mama take ba.

"Uwata," in ji Baba a hankali. "Bakin yarinyar nan a rufe yake."

Ya nuna rimot ɗin da ke hannuna.

"Mayar da shi baya."

Na mayar. Muka sake kallo, mu huɗu. Tsohon ya yi maganarsa, 'yar ta ɗaga kai, ta yi murmushi, ta gyaɗa, leɓɓanta a haɗe. Baba ya ce in tsayar. Hoton ya tsaya a kan fuskarta.

"To. Juyo nan. Sake gaya mini abin da ta ce."

"Baban yara," in ji Mama, "yarinyar nan gajiya ce ta..."

Ya ɗaga mata hannu, bai ko dube ta ba. Ni yake kallo, da idanun nan da suka koma ruwan ɗorawa. Na juya kujerata. Wannan karon babu wata 'yar Koriya da zan laɓe a bayanta. Na ce masa ciwon daji ne, a hanta. Na ce likita ya ce babu aiki.

"Wata nawa?"

"Biyu zuwa uku."

"Daga yaushe?"

"Daga watan jiya."

Tiren Mama ya kife, wake ya watsu har ƙarƙashin kujeru. Ta miƙe tana cewa ba namu ba ne, ba ta karɓa ba, jinin Yesu, sannan ta juyo kaina. Abin da ta ce mini ba zan rubuta shi ba. Uwata ce, kuma a ranar mijinta take ganin an kashe mata a gabanta.

Baba ya bari ta gama. Yana ƙirga wani abu da yatsu a kan gwiwarsa. Sannan ya ce, "Maman yara, ya isa. Na san don ni kika yi. Ciro mini jakata ta saman kwaba, ki ga ko ɓera bai ci ta ba. A aika wa babban ɗan nan ya nemo mota." Ya nuna talabijin da haɓa, har da ɗan guntun murmushi. "Kun gani ko? Kalma uku. Kashe shi, Uwata, kada mu ƙona wuta."

Ran Asabar muka tafi. Hanya ta wahalar da shi, sau huɗu muna tsayawa. Mama ba ta yi mini magana ba tun daga Narayi har ƙauye, in tana son ruwa sai ta ce wa Yaya ya ce a miƙo. Da muka isa aka fito da Kaka bakin ƙofa. Baba ya durƙusa da ƙyar, ya miƙa mata hannu da kansa. Ta kama wuyan hannun, yatsunta suka zagaye shi suka haɗu, har da saura. Ta daɗe a haka. Ba ta ce matarsa ta kashe shi da yunwa ba. Ta ce da yarensu, "Ka zo," ta ja kansa ta ɗora a cinyarta, dattijo mai furfura. Na koma bayan rumbu na yi kukan da na yi wata guda ina haɗiyewa.

Sati biyar ya yi. Kaka take dama masa kunun acca da hannunta, ko cokali biyu ya sha sai ta ce ya yi ƙoƙari. Ya zaga da Yaya a kan babur ya nuna masa iyakar gona, ya kira wani ƙanensa da suka yi shekaru ba sa ga-maciji suka zauna a ƙarƙashin mangwaro. Ya rasu wata safiya kafin a fara yankan dawa. Bai kai ko wata ukun likita ba.

Wannan ne abin da Mama ta riƙe. Har yau, in maganar ta taso, takan ce da na yi shiru da ya ga Kirsimeti, hanya da magana ne suka ƙarasa shi. Ba ni da yadda zan nuna mata ba haka ba ne. Ni kaina ban sani ba. Na san Kaka ta kama hannunsa, na kuma san na karya alkawarin da na yi wa uwata a ranar da ta fi kowace rana bukatar a tsaya mata. Dukansu biyun nawa ne.

Mun dawo Narayi bayan an share makoki. Wata biyu muna gida ɗaya, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Talabijin an rufe shi da zane. Sai wata rana cikin Disamba, da rana, fanka ta juya. Ina ɗaki na ji motsi a falo, na leƙo na ga Mama ta yaye zanen, tana juya faifan a hannu tana neman gefen da ake sawa.

"Zo ki karanta mini," ta ce, ba ta kalle ni ba. "Abin da aka rubuta kawai."

Na ɗauko 'yar kujerata. Saura kashi biyu. 'Ya'yan tsohon ba su gaya masa ba har ƙarshe. A kashi na ƙarshe wani babban likita ya dawo daga ƙasar waje, ya duba hoton, ya ce akwai aikin da za a gwada. Aka yi aiki. Aka nuna furanni sun buɗe, tsohon ya yi ƙiba, yana tsaye a shagonsa yana yi wa yaransa faɗa a kan gishiri. Irin ƙarshen nan ne da Baba zai yi wa tsaki ya ce ƙaryar ta fi ta masu tashi sama. Kujerarsa tana nan inda take, ba wanda ya zauna a kai.

"Me likitan ya ce?" in ji Mama.

Rubutun yana nan a ƙasa, ina ganinsa. Ba ta iya karantawa, Maman 'yan biyu tana kasuwa, ba wanda zai kama ni. Zan iya cewa ciwon zai dawo. Zan iya cewa saura masa wata ɗaya. Na karanta mata yadda yake.

"Ya ce ya warke sarai. Ya ce da ya san abin da ke jikinsa, da wataƙila ya karaya tun kafin a kai ga aikin."

Mama ta gyaɗa kai a hankali. Hawaye yana bin fuskarta, ba ta share ba.

"Kin gani," ta ce. "Su da suka yi shiru."

Akwai sauran minti goma, tsohon yana shirin tafiya garinsu wurin yayarsa, ana loda kaya a mota. Na karanta mata har ƙarshe, ban ƙara ko kalma ɗaya ba.